Dogon Labari Bashi Ne

Wanda ya bi hanyar motar da ta taso daga Katsina, ta ratsa Kurfi, ta faɗa Dutsin-Ma, in ya sauka ya zauna da masu karatun littattafan Hausa na garuruwan nan biyu, ba zai daɗe ba zai ji wata tambaya tana yawo a bakinsu, watau, "Shin na gaba ya fito?" A da mai hayar littattafai a ke yi wa ita, ko direban da ya dawo daga Kano. Yanzu ta cikin waya a ke aika ta, amma tambayar ba ta sake ba. Tela yana yin ta a kan kekensa, ɗan makaranta yana yin ta, matar aure ma ta kan aiki ƙanenta ya tambayo mata. Abin da su ke nufi kuwa shi ne kashi na gaba na wani dogon labari irin na jarumai da bokaye da aljannu, wanda a ke ce wa littafin yaƙi. Sun karanta na ɗaya da na biyu, mawallafi ya kai jarumi bakin kogon maridi da takobi zare, sa'an nan ya ajiye alƙalami ya ce a tara gaba.

Wannan jira ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya koyi karatu da girmansa. Mutumin da ya yi wata da watanni yana zuwa ajin manya bayan ya taso daga gona ko kasuwa, har ya kai ga haɗa baƙi da wasali da kansa, ya sami wata dukiya wadda ba ta son ajiya. Karatu kamar fartanya ya ke, in aka jingine shi sai tsatsa. Abin da ke hana shi tsatsa shi ne littafin da zai ja mutum daga shafi zuwa shafi ba tare da tilas ba, dogon labari kuwa ya fi kome iya wannan aiki. Amma in labarin ya tsaya a tsakiya, aka shekara ba a ga ƙarshensa ba, ko kuwa aka yi ta jan sa har ya gundura, sai sabon mai karatu ya ɗauka haka duk littattafai su ke, ya juya musu baya. Saboda haka ya kamata a auna irin waɗannan littattafai da mudu na gaskiya, a san wanda ya cancanci a jira shi, da wanda jiransa jiran gawon shanu ne.

Mudun kuwa guda ɗaya ne. Duk mawallafin da ya buɗe dogon labari ya ci bashi. Ya karɓi kuɗin mai karatu, ya karɓi darensa, ya yi masa alkawarin ƙarshe. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Abin dubawa ga kowane littafi shi ne, shin mai shi biyan bashin nan ya ke yi, ko kuwa kullum ƙara ci ya ke yi?

Inda Aka Faro

Tatsuniyar gargajiya ba ta san jira ba. Tsohuwa ta kan fara ta bayan tuwon dare, kafin yara su yi barci ta kai ƙurunƙus, Gizo ya sha kashi ko ya tsere, an gama. Labarin da a ke yankewa a kwana da saura, daga littattafan Larabawa ya fi shigowa, babbansu kuwa shi ne Dare Dubu da Ɗaya, wanda aka daɗe da juya shi zuwa Hausa. A cikinsa matar Sarki ce ke ba mijinta labari, in asuba ta gabato sai ta yi shiru daidai inda ya fi daɗi, domin Sarki ya bar ta da rai har gobe ya ji saura. To, ga tushen yankan labari, amma a lura da abu biyu. Na fari, wuyanta ne ke kan wuƙa, ba ciniki ta ke yi ba. Na biyu, jiran yini ɗaya ne tak. In dare ya yi ta kan ɗora daga inda ta tsaya, ba ta taɓa cewa a dawo baɗi ba.

Ƙasar Katsina tana da hannu babba cikin shigar irin wannan labari a rubutun boko. Sa'ad da Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta East, ta sa gasar ƙaga labari a 1933, Malam Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, a can ya rubuta Ruwan Bagaja. Wansa, Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, shi ya rubuta Ganɗoki. Duka biyun akwai aljannu da tafiya zuwa ƙasashe masu nisa, watau su ne kakannin littattafan yaƙi na yau. A Ruwan Bagaja tun farko an faɗi bashin da aka ci. Ɗan Sarki ba shi da lafiya, an yi wa Liman dariya a fada don ya ambaci ruwan da zai warkar da shi, Alhaji Imam ya fita nemo ruwan. Kome daɗin rikicinsa da Malam Zurƙe a hanya, mai karatu bai taɓa mance abin da aka fita nema ba. A ƙarshe kuwa an kawo ruwan, ɗan Sarki ya warke, an rufe littafi ba wanda ke bin wani.

Magana Jari Ce yana cikin dogayen labarai na farko masu kashi-kashi da masu karatun boko suka sani. Imam ya rubuta shi a Zariya a 1936, aka buga shi littafi uku tsakanin 1937 da 1939. Ya kamata duk mai son rubuta dogon labari ya zauna ya dubi ƙirarsa. A littafi na farko Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, mugun Waziri ya ƙulla makirci don ya jawo Musa ɗan Sarki waje ya halaka shi, aku kuwa ya riƙa tsare yaron da labari kowane dare har gari ya waye. Kowane labarin aku cikakke ne da kansa, wanda ya karanta shi kaɗai bai yi asara ba. Babban labarin da ya ɗaure su shi ma ya ƙare cikin littafin nan, Sarki ya dawo, asirin Waziri ya tonu, aku ya sami Waziranci. Littafi na biyu sabon sha'ani ne, gasar Waziri Aku da akun wata ƙasa, mai suna Haziƙ. Na uku kuma horon da ya yi wa ɗansa Fasih. Wanda ya sayi na ɗaya ya nemi na biyu ne don ya ji daɗi, ba wai an riƙe masa wani abu ba sai ya biya.

A 1951 aka buga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Malam Ahmadu Ingawa, shi ma ɗan ƙasar Katsina, wanda ya ɗauko labarin wani jarumin ƙasar Rasha ya sa masa rigar Hausa. Littafin ɗan ƙarami ne, amma ya ɗauki jarumi tun yana gurgu a gidan ubansa har ƙarshen ransa. Da aka ɗaura Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, Malam Ahmadu Kumasi yana cikin manyan jagororinsa, irin waɗannan littattafai waɗanda suka gama ajin manya suka tarar, tare da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da 'yar jaridar lardin Katsina mai suna Himma. Hukumar NORLA, wadda aka rushe a 1959, aikinta ke nan, ta ga cewa wanda ya koyi karatu bai rasa abin karantawa ba. Hukuma ce ke biyan kuɗin ɗab'i, saboda haka ba wanda ya matsa wa mawallafi ya yanka labarinsa gunduwa-gunduwa.

Yadda Aka Soma Yanka Littafi

Al'amari ya juya daga tsakiyar shekarun 1980, sa'ad da matasa a Kano da sauran birane suka soma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Daga 1986 darajar naira ta riƙa faɗuwa, takarda kuwa yawancinta daga waje a ke kawo ta, sai ta yi tsada. Mawallafin da ba shi da jari ba zai iya buga babban littafi gaba ɗaya ba, ko ya buga ma mai saye ba zai iya kai kuɗinsa ba. Dabarar da ta fito ita ce a raba labari zuwa 'yan littattafai sirara, na ɗaya, na biyu, na uku, har abin da ya yi sama. A buga na ɗaya, a kai wa dillalan kasuwar Sabon Gari, sau da yawa bashi, in kuɗi suka dawo a buga na biyu. Daga nan 'yan sari su ɗauka su kai garuruwa irin su Dutsin-Ma da Kurfi, mai haya ya saya ya jera, littafi ɗaya ya bi hannu da yawa har bangonsa ya fita.

Wannan dabara ta yi amfani ƙwarai, domin ta kai littafi inda hukuma ba ta taɓa kai shi ba. Amma ta zo da nata ciwo. Tun da cinikin na ɗaya shi ke haifar da na biyu, in na ɗaya ya yi kwantai, ko dillali ya riƙe kuɗi, to, jarumi ya tabbata a bakin kogo. In kuwa ya sami kasuwa, sai wani kwaɗayi ya shigo, labarin da ya isa ƙarewa a na uku a ja shi zuwa na shida. Da wayar hannu ta yaɗu, cinikin littafin takarda ya ja baya, karatu ya koma cikin waya. Mawallafa da yawa su kan karɓi kuɗi tukuna, sa'an nan su riƙa sakin labari shafi-shafi ga waɗanda suka biya, waɗansu kuma a YouTube a ke karanta musu shi da murya, mutum yana aiki yana saurare. A nan bashin ya fito fili, domin an karɓi kuɗin kaya tun kayan ba su kammala ba.

Mafi yawan littattafan Kano na soyayya ne da zaman aure, amma tun da wuri littattafan yaƙi suka kama nasu gefe. Aliyu Abubakar Sharfaɗi ya kawo labarin Malikussaif daga hikayoyin Larabawa. Abdul'aziz Sani Madakin Gini, mai Mazan Jiya da Kundin Tsatsuba, sunansa ya zama kamar tambari ga wannan fanni, samari da yawa a kan littattafansa suka saba da dogon karatu. Bayansu marubuta masu yawa sun biyo.

Abin da Ya Sa A Ke Son Su

Akwai masu raina littattafan yaƙi, su ce ƙarya ce tsagwaronta, ɓata lokaci ne. Wannan magana ba ta yi adalci ba. Mai karatu ya san ba a tafiyar shekara arba'in cikin ƙiftawar ido, kamar yadda yaro ya san gizo-gizo ba ya auren ƙoƙi. Abin da ya ke nema shi ne duniyar da a ke rarrabe mugu da nagari a fili, azzalumi kome ƙarfin tsafinsa ƙarshensa faɗuwa. Mutanen wannan yanki ba su bukatar a yi musu dogon bayani a kan haka. Daga wajen 2019 ƙauyukan yamma, wajen dajin Rugu, sun sha azabar ɓarayin daji, abin har ya taɓa ƙasar Kurfi da ta Dutsin-Ma. Wanda ya taɓa kwana da kunne a buɗe yana sauraron ƙarar babur, ba abin mamaki ba ne in ya sami sanyi a labarin barde ɗaya da ya tare runduna a ƙofar gari.

Ban da wannan, littattafan nan sun adana Hausar da ke neman ɓacewa. A cikinsu matashi zai gamu da sulke da kwalkwali da lifidi, da garkuwa da kwari da baka, da barde da dakare, da sunayen dawaki da irin sukuwarsu. Mawallafin kirki in ya zo bayanin karon jarumai biyu, jimlolinsa su kan yi gudu kamar kiɗan tauri, har mai karatu ya manta shi sabon shiga ne, ya wuce shafi goma bai yi tuntuɓe ba. Malamin ajin manya da kansa ba zai so wa ɗalibinsa abin da ya fi haka ba.

Alamomin Mai Biya da Mai Ƙarin Ci

Mai karatu ba ya bukatar ya kai ƙarshen labari kafin ya gane irin mawallafin da ya ke hulɗa da shi. Akwai alamomi tun a littafi na ɗaya da na biyu.

Alama ta farko tana wurin da aka yanke. Mai biya ya kan gama wani abu cikin kowane kashi. In an fita neman takobi, to, a ƙarshen kashin an samo shi ko an rasa shi, sa'an nan a buɗe wata ƙofa. Mai ƙarin ci kuwa a tsakiyar sara ya ke tsayawa, takobi ya tashi bai sauka ba, in aka sayi na gaba sai a tarar saran ma bai sami kowa ba. Sau ɗaya a kan yi haƙuri da wannan. In ya zama kowane kashi haka ya ke ƙarewa, to, mawallafi bai amince da daɗin labarinsa ba, igiya ya ke sa wa mai karatu a ƙafa.

Alama ta biyu tana wurin sihiri. Labarin aljannu ma yana da ƙa'idarsa. Waɗanda suka ba Iliya ƙarfi sun kuma gargaɗe shi da waɗanda kada ya kuskura ya gwabza da su, saboda haka mai karatu ya san ƙarfin nan yana da iyaka, yana kuwa jin tsoro dominsa. Amma a waɗansu littattafan yau, duk sa'ad da jarumi ya shiga tsaka mai wuya sai wani zobe ya ɓullo wanda ba a taɓa ambatarsa ba, ko wani aljani ya faso ƙasa ya ɗauke shi. In an kashe bokan da aka ce babu kamarsa a duniya, kashi na gaba sai a ce ashe yana da malami wanda ya ninka shi sau dubu, malamin kuma yana da kaka. Labarin da aka gina haka ba shi da dalilin ƙarewa, domin kullum ana iya ƙaro wani kakan. Tsoro kuma ya fita daga zuciyar mai karatu, tun da ya san ba abin da zai sami jarumi. Inda babu tsoro kuwa, yaƙi ya zama lissafin gawa kawai.

Alama ta uku tana wurin jarumin kansa. Tafiya mai nisa ta kan sake mutum. Musa na farkon Magana Jari Ce yaro ne mai gaggawa, wanda sai an yi masa dabara kafin ya zauna, labaran aku kuwa horo ne gare shi. In aka kai littafi na biyar jarumi yana nan yadda ya ke a na ɗaya, bai yi asarar kowa ba, bai yi kuskure ya yi nadama ba, bai koyi kome ba sai sabon salon sara, to, tafiyar kewaye ce irin ta raƙumin mai tatsar man riɗi, ana ta tafiya ba a bar wuri ɗaya ba.

Alama ta huɗu ita ce uwar sauran, watau ko mawallafi ya san inda za shi. Ana gane wannan daga abin da aka ambata a farko. Wanda ya san ƙarshen labarinsa ba ya zubar da kaya a hanya. 'Yar tsohuwar da aka taimaka a kashi na ɗaya za ta sake fitowa a na huɗu, rantsuwar da aka yi a farko za a zo ranar cika ta. Wanda bai sani ba kuwa sai ya yi ta shigo da sababbin sarakuna da sababbin birane, na farko su ɓace ba labari, har shi kansa ya mance sunan wata gimbiya ya raɗa mata wani.

Ba Hausawa Kaɗai Ke Jira Ba

Dutsin-Ma gari ne na makarantu. Ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, a cikin ɗalibansu kuwa akwai masu karanta irin waɗannan labarai da Turanci. Abin da ya faru ga manyan mawallafan can yana da darasi ga na nan.

Wani malamin jami'a a Ingila, mai suna Tolkin, ya yi shekara goma sha biyu yana rubuta labarin wani zoben sihiri da yaƙin da aka yi dominsa. Shi littafi ɗaya ya nufa, amma takarda ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu ɗab'i suka raba shi uku, daidai da dalilin marubutan Kano. Biyu suka fito a 1954, na uku a watan Oktoba na 1955. Masu karatu sun ƙosa, amma jiransu bai da haɗari, domin labarin ya riga ya kai ƙarshe a rubuce tun kafin a buga na ɗaya.

Wani Ba'amurke, Robat Jodan, ya soma fitar da nasa dogon labari a 1990, wanda a ke iya fassara sunansa da Juyin Zamani. Labarin ya yi ta yaɗo har littafi goma sha ɗaya, ajali ya riske shi a 2007 bai gama ba. Amma da ya ga ciwo ya kama shi sai ya rubuta yadda ƙarshen zai kasance, ya kuma faɗa wa iyalinsa. Matarsa ta zaɓi wani matashin mawallafi, Birandon Sandasan, ya ƙarasa shi cikin littafi uku, na ƙarshe ya fito a 2013. Wannan mutum ya mutu da bashi, amma ya bar wasiyyar yadda za a biya, aka kuwa biya.

Na uku shi ne Joj Matin, shi ma Ba'amurke, mai labarin da ma'anar sunansa ita ce Waƙar Ƙanƙara da Wuta. Ya fitar da na ɗaya a 1996, na biyu a 1998, na uku a 2000, na huɗu a 2005, na biyar a 2011, ya ce bakwai za su zama. Fiye da shekara goma suka wuce bayan na biyar ba a ga na shida ba. Wasan talabijin da aka ɗauko daga labarin ya fara a 2011, ya cim ma littattafan, ya wuce su, ya ƙare a 2019 da ƙarshen da masu kallo da yawa ba su gamsu da shi ba. Shi ba rashin kuɗin takarda ya tsai da shi ba, ba kuma rashin gwaninta ba. A dubi yadda tazarar ke ƙaruwa daga littafi zuwa littafi. Labarin ne ya yi rassa, kowane reshe ya yi nasa rassan, har tattaro su ya zama jan aiki. Ashe dai wanda ya shuka gonar da ta fi ƙarfinsa, ran girbi zai gane.

Abin da Ya Rage ga Mai Karatu

Mai bin bashi yana da hakki, yana kuma da dabara. Kafin ya sa kuɗinsa a sabon labari, ya tambaya ko mawallafin ya taɓa kai wani labari ƙarshe. Wanda ya bar uku a hanya ya buɗe na huɗu, ba a ba shi sabon rance. In kuwa an san shi da cika alkawari, to, a yi masa haƙuri, kada a dame shi har ya yi gaggawa ya ɓata aikinsa, domin ƙarshen da aka yi cikin garaje ya kan rushe daɗin duk abin da ya gabata. Wanda ya karanta a kyauta abin da aka kwafo ba da izinin mai shi ba, ya sani shi ma yana cikin masu hana na gaba fitowa, don bashin nan ta fuska biyu ya ke.

Kada kuma a zauna hannu sake lokacin jira. Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi da Magana Jari Ce duk kammalallu ne, ba wanda zai ce a tara gaba. Wanda ya karanta su tsakanin kashi da kashi zai koma ga littafin da ya ke jira da ido sabo, ya iya faɗin inda aka gwaninta da inda aka yi ha'inci. In masu karatu suka zama masu aunawa, dole mawallafa su gyara mudu.

Akwai kuma wani littafin da ya kamata a ce ana jira, ko da ya ke ba kasafai a ke tambayarsa ba. Jaruman littattafan yaƙi yawancinsu a Misira da Farisa da Hindu da Sin su ke, da sunaye irin na can, sai ka ce ƙasar Hausa ba ta taɓa haifar barde ba. Ga kuwa labarin Korau da ya kā da Sanau a kokawa ya gāji sarautar Katsina, da takobinsa Gajere. Ga kusheyin Durɓi, ga rijiyar Kusugu a Daura, ga Ɗanwaire wanda ƙasar Ruma ba ta mance da shi ba, ga yaƙe-yaƙen Katsina da Maraɗi, ga dutsen nan da aka ce wani maharbi mai suna Ma ya zauna a kansa har gari ya sami suna. Mawallafin da ya kafa labarinsa a ƙasar da ya taka da ƙafarsa ba zai iya ƙirƙiro birni duk sa'ad da ya rasa abin faɗa ba, tilas ya san nisan zango da inda kogi ya bi, wannan kuwa shi zai riƙe shi a hanya har ya kai gida. Ba lalle sai mai digiri zai rubuta shi ba. Wanda ya fito daga ajin manya, in yana da kunnen da ya saurari tsofaffi, ya kuma ɗaure wa kansa cewa ba zai saki na ɗaya ba sai ya san abin da ke cikin na ƙarshe, shi ma ya isa ya gwada.